Ina Farko, Ina Ƙarshe? Sharhi a Kan Rikicewar Zamani a Fina-finan Gwarazan Amurka

Duk mutumin da ya kalli fim ɗin Avengers: Endgame, wanda aka fitar a 2019, ya ga da idonsa yadda jarumar nan Natasha Romanoff ta faɗo daga ƙwanƙolin dutse ta ba da ranta domin abokan gwagwarmayarta su sami abin da suka je nema, sa'an nan bayan shekara biyu aka kawo masa sabon fim mai suna Black Widow, ya tarar da ita da ranta da lafiyarta tana fafatawa a titunan Budapest, ba tare da an ce masa uffan a kan yadda ta dawo ba, to lalle ba za a ga baikensa ba idan ya juya ya tambayi na kusa da shi ko wani abu ne ya wuce shi. Amsar kuwa gajeriya ce: ba ta dawo ba, fim ɗin waiwaye ne, labarinsa ya auku a wajajen 2016, shekaru kafin mutuwarta. Sai dai wannan tambaya ƙofa ce ta shiga wata mas'ala mai faɗi, wadda ta daɗe tana damun masu kallo, har wasunsu suka mayar da warware ta wani fanni na nazari, da jadawalai da hujjoji da muhawara. Abin da ake so a bayyana a nan shi ne, mafi yawan wannan ruɗani an haife shi ne a ofisoshin ciniki da teburin lauyoyi, daga baya aka ɗinka masa rigar labari aka sa masa.

Ma'anar kalmomin da ake yawan ji

Gwarzo a wannan fage shi ne jarumin almara wanda aka ba shi wani ƙarfi ko wata baiwa da ta wuce ta 'yan Adam, ko kuwa wasu na'urori da suka kai shi wannan matsayi, kamar Superman wanda ya fara bayyana a 1938, da Batman wanda ya biyo bayansa a 1939. Asalinsu duka daga mujallun labarin zane ne na Amurka, watau 'yan littattafan nan da ake ba da labari a cikinsu da hotuna a jere, kuma kamfanoni biyu ne suka mallaki mafi shaharar su, Marvel da DC. Silsila kuwa ita ce jerin fina-finan da suka yi tarayya a jarumai da duniya ɗaya.

Akwai kalmomi huɗu na Ingilishi da ba a raba bakin masu wannan muhawara da su. Ta farko ita ce kanon, wadda asalinta kalmar coci ce mai nufin littattafan da aka yarda da ingancinsu, masu karatun labaran Sherlock Holmes suka fara aronta, yau kuwa ana nufin abin da kamfani ya yarda cewa ya auku a cikin labarinsa, sai mu kira shi ingantaccen labari. Ta biyu ribut, watau sake lale, a watsar da duk abin da ya gabata a soma daga fari da sababbin 'yan wasa. Ta uku retkon, ita ce gyaran baya, a zo a fim na gaba a ce abin da kuka gani a da ba haka yake ba. Ta huɗu maltibas, tarin duniyoyi, watau riya cewa akwai duniyoyi da yawa masu kama da juna, kowacce da nata Spider-Man da nata Batman.

Wanda ya riƙe waɗannan, sauran abin da ya rage masa shi ne ya rarrabe tsakanin tambayoyi uku da mutane ke cakuɗawa: yaushe aka fitar da fim, yaushe labarinsa ya auku, kuma a wace duniya ya auku. Captain Marvel an fitar da shi a 2019 amma labarinsa na 1995 ne. Captain America: The First Avenger an fitar da shi a 2011 amma galibinsa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu yake. Waɗannan masu sauƙi ne. Tambaya ta uku ita ce mai wuyar sha'ani.

Gadon da aka ɗauko daga mujallu

Ishkalin ya girmi silima. Mujallar da take fitowa wata-wata shekara sittin ko tamanin, alhali jaruminta ba ya tsufa, tilas ne mawallafanta su riƙa jawo tarihinsa gaba a hankali domin kada shekarunsa su tona asiri. Shi ya sa Tony Stark, watau Iron Man, wanda a labarinsa na farko na 1963 aka kama shi a Biyetnam ya ƙera sulkensa a can, da aka zo yin fim a 2008 sai aka mayar da kamun nasa Afganistan. Tarin duniyoyi ma tsohuwar dabara ce: a 1961 kamfanin DC ya haɗa Flash na zamanin da da Flash na sabon zamani a labari ɗaya, da hujjar cewa kowannensu a tasa duniyar yake. Duniyoyin suka yi ta hayayyafa har suka gagari masu karatu, sai kamfanin ya fitar da wani labari mai kashi 12 tsakanin 1985 da 1986, Crisis on Infinite Earths, na Marv Wolfman da George Pérez, ya rushe su ya bar guda ɗaya. Bayan wasu shekaru kuma aka sake dawo da su.

Akwai wata al'ada daga wancan zamani da ta cancanci a ambace ta, domin ita ce tushen ɗabi'ar masu kallo ta yau. A shekarun 1960 Stan Lee na kamfanin Marvel ya ƙirƙiro wata kyauta ta raha, wadda daga baya ta zama ambulan ne kawai babu kome a ciki, ana aika wa mai karatun da ya gano kuskure a labari, kuma da tafiya ta yi tafiya aka fi ba da ita ga wanda ya kawo tawilin da zai nuna cewa kuskuren ba kuskure ba ne. Tun daga nan aka koya wa masoya cewa ɗinke ɓarakar mawallafi aikinsu ne, su kuwa suka karɓi aikin da hannu biyu.

Hannun ciniki a cikin labari

A shekarun 1990 kamfanin Marvel ya shiga ƙuncin kuɗi, har ya bayyana karayar arziki a ƙarshen 1996, kuma a wannan tsakanin ne haƙƙin yin fim da manyan jarumansa ya watsu a hannun kamfanoni dabam-dabam: X-Men da Fantastic Four suka tafi wajen Fox, Spider-Man ya faɗa hannun Sony a 1999. Saboda haka lokacin da Marvel ya soma tasa silsilar da Iron Man a 2008, a ƙarƙashin jagorancin Kevin Feige, ya soma ne ba tare da mafi shaharar 'ya'yansa ba. Kuma ko da Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, waɗancan yarjejeniyoyi suna nan daram.

Daga nan ne aka sami Spider-Man uku a cikin shekara goma sha huɗu: Tobey Maguire daga 2002 zuwa 2007, Andrew Garfield a 2012 da 2014, sa'an nan Tom Holland daga 2016, bayan Sony da Marvel sun daidaita a 2015 a kan su yi tarayya a jarumin. Ba wata hikimar labari da ta wajabta haka. Misalin da ya fi wannan bayyana shi ne na Quicksilver, jarumin nan mai tsananin gudu, wanda kamfanonin biyu duka suke da haƙƙi a kansa: Fox ya fito da nasa a 2014, Evan Peters ya taka shi, Marvel ya fito da nasa a 2015, Aaron Taylor-Johnson ya taka shi, aka kashe na Marvel a fim ɗinsa na farko, na Fox kuwa ya ci gaba da gudunsa har 2019. Mai kallon da bai san sha'anin haƙƙin mallaka ba, ta ina zai gane cewa mutum ɗaya ne a mujalla, biyu a silima? Sai a watan Maris na 2019, da Disney ya kammala sayen dukiyar Fox a kan fiye da dala biliyan 71, sa'an nan X-Men suka koma gida, kuma ba da jimawa ba tarin duniyoyi ya zama ginshiƙin sababbin fina-finan Marvel. Mai hankali zai lura da kusancin waɗannan al'amura biyu.

Bayan haƙƙin mallaka akwai ƙaddarorin rayuwa. Ɗan wasa yakan saɓa da kamfani a canja shi, kamar yadda Mark Ruffalo ya gaji Edward Norton a matsayin Hulk, Don Cheadle kuma ya gaji Terrence Howard. Yakan rasu, kamar Chadwick Boseman a 2020, har a sake rubuta labarin Wakanda, wanda shi ne jaruminsa, dungum. Annobar korona ma ta sa hannu: ta ɗage Black Widow daga Mayun 2020 zuwa Yulin 2021, ta kuma sa fim ɗin Doctor Strange na biyu, wanda aka tsara zai riga Spider-Man: No Way Home fitowa, ya koma bayansa, tilas aka gyara labaran biyu.

X-Men, inda al'amarin ya fi tsanani

Idan ana neman silsilar da ta fi kowacce wahalar da masu son daidaito, to ba a wuce X-Men ta kamfanin Fox. Fina-finai uku na farko, daga 2000 zuwa 2006, sun tafi a jere babu matsala. Da aka shiga waiwaye sai ruwayoyi suka fara karo da juna. A First Class na 2011, wanda labarinsa ya auku a 1962 lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba, an nuna harsashi ya sami Charles Xavier a gadon baya ya rasa ƙafafunsa, ya kuma rabu da amininsa Magneto a wannan rana. Alhali a farkon The Last Stand na 2006 an riga an nuna su biyun, shekaru da yawa bayan 1962, suna tafe tare a kan ƙafafunsu, sun je ganin Jean Grey tana yarinya. A fim na farko Xavier ya ce yana ɗan shekara 17 ya sadu da Magneto, a First Class kuwa sun sadu ne suna magidanta. Bolivar Trask, wanda Bill Duke ya fito da sunansa a 2006, shi ne kuma Peter Dinklage ya taka a labarin 1973, kuma duk wanda ya ga mutanen biyu ya san babu tawilin da zai mayar da su mutum ɗaya.

Masu shirya fina-finan sun san da wannan, shi ya sa suka yi Days of Future Past a 2014, inda aka mayar da hankalin Wolverine daga 2023 zuwa jikinsa na 1973 ya canja tarihi, ta yadda duk abin da ya biyo bayan wannan shekara ya zama shafaffe, har Jean Grey da Cyclops da suka mutu aka gan su a raye a ƙarshe. Dabara ce mai kyau, kuma fim ɗin yana daga cikin mafi ingancin silsilar. Amma gyaran da aka yi a 1973 ba ya iya warkar da saɓanin da ya riga 1973, sa'an nan fina-finan da suka biyo baya suka buɗe sabuwar ɓaraka, domin an riƙa tsallake shekara goma-goma, daga 1962 zuwa 1973 zuwa 1983 zuwa 1992, alhali James McAvoy da Michael Fassbender, masu taka Xavier da Magneto, shekara takwas kawai suka ƙara a zahiri. Magneto wanda aka nuna yana yaro a sansanin Auschwitz a 1944 ya kamata a ce ya kai sittin a labarin 1992, amma fuskar da aka gani ta ɗan arba'in ce. A wannan gaɓa, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ce kowane mai ba da umarni ya ɗauki abin da yake so daga magabatansa ya bar sauran, kuma Logan na 2017, wanda da yawa suke ganin shi ne mafi daraja a cikinsu duka, darajarsa ta zo ne daga tsayuwarsa da ƙafarsa a shekarar 2029 ba tare da ya damu da daidaita kowa ba.

Shekara takwas ɗin Marvel da sauran saɓani

Marvel ya fi kowa kula da tsari, shi ya sa kurakuransa suka fi ɗaukar hankali. Mafi shahara shi ne na Spider-Man: Homecoming na 2017, wanda ya buɗe da abin da ya biyo bayan yaƙin New York na fim ɗin Avengers na 2012, sa'an nan aka rubuta a allo cewa shekara takwas sun wuce, watau 2020 ke nan, alhali labarin yana aukuwa ne 'yan watanni bayan Captain America: Civil War na 2016. Masu kallo suka yi ta lissafi da tawili, wasu suka ja yaƙin New York baya, wasu suka tura sauran fina-finan gaba, har Avengers: Infinity War ya zo a 2018 Tony Stark ya ambaci shekara shida, lissafin asali ya tabbata. A ƙarshe littafin jadawalin zamani da aka wallafa da izinin kamfanin a Oktoban 2023 ya ajiye fim ɗin a 2016, aka san kuskure ne tsantsa.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne saɓanin ƙarshen Endgame. Fim ɗin ya kafa ƙa'ida cewa wanda ya koma baya ba ya canja zamaninsa, sai dai ya tsirar da wani sabon reshe. Amma a ƙarshe Steve Rogers, watau Captain America, ya koma baya ya zauna da masoyiyarsa, sa'an nan aka gan shi tsoho a kan benci a zamanin da ya baro. Masu ba da umarnin fim ɗin, 'yan uwan nan Anthony da Joe Russo, suka ce a wani reshe ya rayu sa'an nan ya dawo. Marubutansa kuwa, Christopher Markus da Stephen McFeely, suka ce a wannan zamanin ya rayu a ɓoye tun fil azal. Idan waɗanda suka yi abu da hannunsu ba su yi ittifaƙi a kansa ba, ina dalilin a zargi mai kallo da rashin fahimta?

Sha'anin DC ba ya bukatar dogon bayani, domin shi sake lale ya yawaita. Silsilar da aka soma da Man of Steel a 2013 ta haifi Justice League iri biyu, na 2017 da na Zack Snyder mai kimanin awa huɗu a 2021. A gefe kuma ga Joker na 2019 da The Batman na 2022, kowanne a tasa duniyar. Sa'an nan James Gunn da Peter Safran suka karɓi ragama a 2022, suka soma sabon zubi wanda fim ɗinsa na farko shi ne Superman na 2025, tare da riƙe wasu 'yan wasa daga tsohon.

Hanyoyin da masu kallo suke bi

Wanda ya lura da muhawarar masoyan nan zai ga hanyoyinsu sun yi kama da waɗanda masana suka saba bi idan ruwayoyi biyu suka ci karo, kuma aron kalmomi kawai ake yi a nan domin su ne suka fi fito da ma'ana, ba wai ana daidaita tatsuniyar silima da ilmi mai alfarma ba. Wasu suna neman haɗa ruwayoyin ta kowane hali, ko da tawili mai nisa ne. Wasu suna rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, su ce abin da aka gani a allo ya fi maganar darakta a hira ƙarfi. Wasu kuma ƙa'idarsu ita ce na baya yana shafe na farko. Akwai kuma masu cewa kowane fim a hukunta shi shi kaɗai.

Babban saɓanin da ya shafi kowa shi ne na tsarin kallo. Masu cewa a bi zamanin labari, a fara da Captain America na zamanin yaƙi a biyo da Captain Marvel, hujjarsu ita ce haka tarihin zai miƙe, kuma manhajar Disney+ ma ta tanadi jeri irin wannan. Masu cewa a bi tsarin fitowa kuwa suna da hujjar da ta fi ƙarfi, domin kowane fim an rubuta shi ne da sanin abin da mai kallo ya riga ya gani. 'Yar fitowar da ake saƙalawa bayan sunaye a ƙarshen Captain Marvel tana aukuwa ne bayan mugun nan Thanos ya hallaka rabin halittu, don haka wanda ya kalle shi a matsayi na biyu ya ga ƙarshen labari tun bai san ko wane ne Thanos ba.

Abin da wannan hali yake jawowa

Ba za a musa cewa tarin duniyoyi ya kawo abin farin ciki ba. Ganin Maguire da Garfield da Holland a fitowa ɗaya a 2021 ya taɓa zukatan mutanen da suka girma da su. Amma illarsa tana da girma ta fuska biyu. Ta farko, kallo ya zama kamar karatun jarrabawa: fina-finan Marvel sun haura talatin, ban da shirye-shiryen talabijin, kuma wanda bai ga shirin talabijin na WandaVision ba, zai yi wuya ya fahimci abin da ya juyar da Wanda a Doctor Strange na 2022. Bayan Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, The Marvels na 2023, wanda ya jingina da shirye-shiryen talabijin fiye da ɗaya, ya tsaya a kimanin miliyan 206, mafi ƙanƙanta a silsilar. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da kansa ya sanar a 2024 cewa za a rage yawan abin da ake fitarwa.

Illa ta biyu ta fi zurfi, ita ce mutuwa da sadaukarwa suna rasa nauyinsu. Wolverine ya mutu a Logan mutuwar da ta girgiza masu kallo, sai ga Hugh Jackman a 2024 ya dawo a matsayin Wolverine na wata duniya. Tony Stark ya ba da ransa a 2019, sai aka sanar a Yulin 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda ya taka shi, zai dawo da fuskarsa a matsayin Doctor Doom. Labarin da kowane hukunci a cikinsa ake iya warware shi gobe, da wuya ya riƙe zuciya kamar wanda abin da ya auku a cikinsa ya auku ke nan.

Saboda haka, mai karatu, idan kai sabon shiga ne, ka bi fina-finan a kan tsarin da aka fitar da su, ka riƙe a ranka cewa na Fox dabam, tsofaffin na Sony dabam, na Marvel dabam, na DC kuma kashi-kashi ne; jadawalin zamani kuwa ka bar shi sai kallo na biyu. In ka tarar da saɓanin da ya ƙi ɗinkuwa, ka fara duba shekarar da aka yi fim ɗin da kamfanin da ya yi shi, domin mafi yawan lokaci a can amsar take.